Ejan ya ce in biya shekara biyu kafin Juma'a, Anti in biya?

Salamu alaikum Anti Hajiya. Ni haifaffen Nima ne a nan Ankara, babban birnin Ghana, gyaran waya nake a Sakul (Kwame Nkrumah Circle) wajen Tiptoe Lane. An sa ranar aurena, saura wata biyu da 'yan kwanaki, gidanmu kuma ba wuri, mu huɗu ne a ɗaki ɗaya da ƙannena. Wani ejan, wato dillalin gidaje, ya kai ni unguwar Alajo ya nuna min cemba da hol, wato ɗaki da falo, sabon fenti, tayil a ƙasa, sidi 700 a wata amma sai an biya shekara biyu, 16,800 ke nan, shi kuma ejan zai karɓi kashi 10. Mai gidan wai yana waje, ɗan ƙaninsa ne ke kula da gidan. Bayi ba a gama ba, an ce da na biya za a gama da kuɗin. Ina da 12,000 na susu, wato adashi, sauran zan ranta wurin abokina. Ejan ya ce akwai wanda zai biya ranar Juma'a in ban riga shi ba. Sau ɗaya na ga gidan, da rana. Dangin yarinya kullum tambaya suke ina ɗaki don su zo su auna kaya. Anti in biya?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya sa abokiyar arziki ce. Amsata dai kar ka biya Juma'ar nan. Ban ce ka bar gidan ba, wata ƙila ma shi ne rabonka, amma yadda ka ba ni labarin nan cinikin biri a sama ake so a yi da kai.

Shi wannan mutumin da zai biya ranar Juma'a ai na san shi, tun ina amarya yake shirin biya ranar Juma'a har yau na yi jikoki bai biya ba. Kowane ejan a Ankara yana da shi a aljihu. Ba wai ba a rige-rigen ɗaki a garin nan ba, ana yi, ɗaki mai kyau mai sauƙi ba ya kwana biyu, amma ejan ba ya cin komai sai ka biya, saboda haka saurinka shi ne abincinsa. Ya ga ango, ya ji an sa rana, toh me zai jira?

Ka zauna mu yi lissafi tukun. 16,800 da ladan ejan 1,680, sidi 18,480 ke nan, kana da 12,000, wato bashin 6,480 za ka ɗauka tun ba a ɗaura ba, ba a yi maganar kuɗin mota na kwasar kaya ba, ba labule, ba cefanen satin farko, ba abin da biki zai ci wanda kullum sai ya wuce abin da aka tsara. Kuma ka gane mene ne adibas a gaskiyarsa: rance ne kake ba mai gida, na shekara biyu, ba riba, ba jingina. Kafin ka biya kai ake lallashi, ana kiranka Alhaji ana buɗe maka taga ka ga iska. Daga minti ɗin da kuɗin ya bar hannunka kai ne mai bin mutane kana "dan Allah a duba min famfo". Duk abin da kake so a gyara, a rubuta, a rage, yanzu ne lokacinsa da kuɗin ke wurinka, bayan nan sai dai haƙuri.

Doka ma ba ta yarda da shekara biyun ba. Dokar haya ta ƙasar nan, ta 1963, wadda ake kira Act 220, ta ce mai gida kar ya karɓi adibas fiye da na wata shida. Kowa ya san ba a bi, daga Nima har Madina har Ashaiman shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma ban ce ka je ka tsaya gaban mutum kana karanta masa doka kamar lauya ba, zai ce maka je ka doka ta ba ka ɗaki. Amma ka sani a ranka cewa in ka nemi ragi ba bara kake ba. Ka nemi shekara ɗaya. 8,400 da na ejan 840, duka 9,240, ka ga ba ka ci bashin kowa ba har da canjin 2,760 a hannunka. Masu gida da yawa in sun ga kuɗi a ƙasa kuma sun ga mutum mai sana'a zai zo da iyali suna sauka, musamman in da babba aka je musu.

Yanzu abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarka, mai gida yana waje, ɗan ƙani ke karɓa. Nan nake so ka buɗe kunne don ni a kaina ta faru.

A 2008 ne, shekara ɗaya bayan canjin kuɗi, lokacin har yanzu da miliyan muke lissafi, ni da marigayi maigidana muka kama ɗaki biyu a wata unguwa, wurin wani bawan Allah mai fara'a da carbi a hannu, ya ce gidan babansu ne ya rasu shi ne babba. Muka biya shekara biyu cif. Rasit ɗin da ya ba mu, wlh a takardar littafin 'yan makaranta ya yage ya rubuta, sunansa da adadin kuɗi kawai, ba sunan gida ba ranar shiga ba ranar fita ba shaida. Wata bakwai muna zaune lafiya, wata safiya ina tsaka da dama koko sai ga wata Hajiya ta sauka daga tasi da akwatuna, ta tsaya bakin ƙofata tana kallona kamar ta ga aljana, ta ce baiwar Allah wa ya sa ki a ɗakina? Ashe yayarsa ce ta dawo daga Saudiya, kuma a rabon gado ɗakunan nan nata ne, ba ta san da wani haya ba, ko kobo ba ta gani ba. Shi kuwa mai carbi ya riga ya cinye kuɗin. Aka je gaban liman, aka je gaban sarkin unguwa, aka yi ta zama, ƙarshe abin da ya dawo mana bai kai rabi ba, shi ma a gutsuttsure, yau kaɗan wata mai zuwa kaɗan. Muka kwashe kaya da goyo a bayana ana yayyafi. Har yau in na ga takardar littafin makaranta an rubuta kuɗi a kai sai gabana ya faɗi.

Ban ce ɗan ƙanin nan macuci ne ba, Allah ya sani. Amma kai ba ka san shi ba, kuma tabbatarwa ba ta da wuya a zamanin nan. Ka ce a haɗa ka da mai gidan a WhatsApp, kiran bidiyo, ka gan shi ya gan ka, ya faɗa da bakinsa cewa ya wakilta wane ya ba da haya ya karɓi kuɗi, sannan ya turo hakan a rubuce. Duk wanda ke Amurka ko Jamus ko Italiya yana da minti biyar na waya, in aka fara ce maka ai ba ya son damuwa, ai lokacinsu daban da namu, toh ka fara ja da baya. Ka ga Ghana Card ɗin mai karɓar kuɗin ka ɗauki hotonsa. Ka duba sunan da ke kan takardar ruwa ko ta harajin gida, ya yi daidai da sunan da aka faɗa maka? Sannan mafi sauƙi duka, ka nemi wanda ya fi daɗewa a gidan cikin 'yan haya, ka gaishe shi da ladabi ba tare da ejan na tsaye a kanka ba, ka tambaye shi wa yake ba kuɗi, ko akwai rigimar gado, ko an taɓa zuwa da takardar kotu, kuma wanda ya bar ɗakin nan me ya tashe shi. Akwai masu ba da ɗaki ɗaya ga mutum uku su kashe waya, sai ranar shiga kowa ya zo da rasit ɗinsa da katifarsa.

Sai Alajo. Ɗana kai da kake aiki a Sakul ba sai na tuna maka 3 ga Yuni 2015 ba, ambaliyar ruwa da gobara a dare ɗaya, mutum sama da 150, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kogin Odaw ɗin da ya cika ya shanye Sakul ta gefen Alajo yake bi kafin ya iso can. Ba duk Alajo ke cin ruwa ba, akwai tudu akwai kwari, akwai gidajen da ko tsakar gida ba ya taruwa, amma kai ka je da rani, da rana tsaka, ka ga sabon fenti ka ji daɗi. Ni sabon fenti a unguwar bakin gota tsoro yake ba ni, don fenti ba abin da ba ya rufewa. Kar ka kalli bangon ɗakin, ka fita ka kalli bangon maƙwabta da ba a shafa ba, da bayan gidan, za ka ga layi kamar an ja da laka, nan ruwa ya tsaya. Ka kalli bakin ƙofofi, in ka ga an ɗora bulo layi ɗaya ko biyu a dokin ƙofa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ba ado ba ne. In ka leƙa ɗakin maƙwabci ka ga firiji a kan benci, gado a kan bulo, ka samu amsarka. Ka ɗaga kai ka kalli silin ko akwai tabon yoyo, ka shinshina kusurwa ko akwai warin danshi. Sannan ka sayi koko da ƙosai wurin matar da ke bakin layin, ka zauna a bencinta ka ce Mma, watan Yuni ya layin nan yake? Ita ba ta da kashi 10 a cikin maganar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tuna kayan da za a jera a ɗakin nan uwar yarinya shekaru ta yi tana tarawa, in ruwa ya shiga ya lalata su a daminar farko, ba za a ce laifin Odaw ba ne, za a ce ango bai duba ba.

Abu ɗaya da zan yaba wa gidan, kusa yake da wurin aikinka, kuɗin torotoro, motar haya, kaɗan ne, wata rana ma da ƙafa za ka taka. Masu kama ɗaki mai araha a Kasoa ko Amasaman suna mayar da rarar a mota da go-sulo, su fita da duhu su dawo da duhu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ban ce ka yar da shi ba.

Ka koma gidan sau biyu ko uku, kai kaɗai ba ejan. Da asuba bayan ka fito masallaci, lokacin za ka ga mutum nawa ne a gidan da gaske, layin wanka ya yake, famfo na zuwa ko galan-galan ɗin Kufuor ne jere a tsakar gida. In ka ga galan rawaya sun fi mutane yawa ka san ruwa na da ranakunsa, ka tambaya wace rana yake zuwa, akwai tanki, wa ke biyan tanka in an ɗauke. Da dare kuma ka ji unguwar, akwai mashaya a bayan taga, akwai masu kwana suna kiɗa da lasifika, ƙarfe nawa ake kulle get, layin akwai haske ko sai da tocila. Ka duba masallaci mafi kusa. Mu da muka tashi a zango mun saba kiran salla na tashinmu, alwala a ƙofar ɗaki ba mai kallonka, rago a ɗaure ranar suna ba mai magana, amma in ka shiga gidan haɗaka da ba namu ba ne yawanci sai ka tambaya, akwai kare a tsakar gida, za a yarda a yi taron suna, baƙi daga Kumasi ko Tamale za su iya kwana biyu ba a ce an ƙara mutane ba. Zaman lafiya ake da kowa, Alhamdulillahi garin nan mun saba da juna, amma gara a sani tun farko.

Kuma dan Allah kar ka yanke shawara da idon namiji kaɗai. Kai da safe za ka fice sai dare, ita ce za ta wuni a gidan. Ka ɗauki yayarta ko gwaggonta, ko ita kanta tare da su in gidansu sun yarda, su je su gani. Mace za ta tambayi abin da ba zai taɓa zuwa kanka ba, ina ake girki, a baranda ko akwai kicin, ina ake shanya, sharar tsakar gida da wankin bayi juyi ake ko sabuwar zuwa ake bar wa, nawa ake ba mai aboboya, babur mai ƙafa uku, na kwasar bola, matan gidan fuskarsu ya take. Rabin rigimar gidan haya daga tsintsiya da igiyar shanya take farawa.

Ɗaya rabin kuma mita. Ka tambaya ɗakin na da mitarsa ta ECG, kamfanin wuta, shi kaɗai ko ta haɗaka ce. In ta haɗaka ce lissafin poyin ake yi, kwan fitila poyin, fanka poyin, firiji poyin kaza, kuma amarya za ta zo da firiji da ayan da tukunyar shinkafa ta lantarki, kai ma na san wata rana za ka kawo aiki gida ka kunna abin narka dalma, kafin wata biyu an fara maka kallon kai ne mai shanye kiredit. In mitarka ce kai kaɗai, a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, kar ka sa kuɗi a riƙa zaftare maka na wanda ya tashi. Haka takardar ruwa.

Bayin nan kuwa da aka ce za a gama da kuɗinka, ah ah. Na ji wannan magana ta fi a ƙirga, kuma na ga amaren da suka yi shekara suna ɗaukar buta da mayafi suna bin layin bayin haya na unguwa saboda ita. Kuɗi na shiga hannu sai wata larura ta taso, kuɗin makaranta, rashin lafiya, siminti ya tashi. Hanya biyu ce. Ko su gama ka gani da idonka ka ja ruwa ya tafi sannan ka biya, ko ka kawo birkila da mai aikin famfo su yi kiyasi, a cire wannan adadin daga abin da za ka biya, kai ka yi aikin da kanka ka ajiye rasit ɗin kowane buhu, kuma a rubuta a takarda cewa an cire kaza saboda kaza. Hayar ma ta fara ƙirguwa daga ranar da ɗaki ya zama na shiga, ba daga ranar da ka biya ba.

Takardar yarjejeniya kar ka yarda da "ai mu Musulmi ne, amana ce". Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, toh wa ya fi Allah sanin halinmu? A rubuta cikakken sunan mai gida da na wakilinsa da naka, adireshin gidan har da lambar GhanaPost GPS, wane ɗaki, nawa a wata, nawa ka biya, daga yaushe zuwa yaushe, wa ke gyaran rufi da soka-awe, wata nawa za a sanar da kai kafin a ƙara kuɗi ko a ce ka tashi, kuma in kai ka tashi kafin lokaci ya za a yi da ragowar kuɗinka, wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. Ka karɓi takardar ka kwana da ita, ka ba wanda ya iya Turancin takarda ya karanta maka, kar ka sa hannu a tsaye a kan bonet ɗin mota. Ranar biya ka je da mutum biyu manya, kawunka da wani, a biya ta banki ko MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a sunan da ke cikin takardar don ya bar sawu, a ba ka rasit da makulli a zama ɗaya, ka canza kwaɗo a ranar, ka ɗauki hoton ko'ina har da lambar mita. Ladan ejan sai makulli ya shiga hannunka, kuma shi ma ana ciniki, kashi 10 al'ada ce kawai. In rigima ta taso daga baya akwai ofishin Rent Control, aikinsu ke nan shiga tsakanin mai gida da ɗan haya, kuma mai gida ba shi da ikon watso maka kaya waje ko cire maka ƙofa ko rufi ba tare da umarnin kotu ba. Amma duk inda ka je abin da za su fara tambaya shi ne ina takardarka.

Gwamnati ta buɗe wani shiri a farkon 2023, National Rental Assistance Scheme, su biya wa mutum adibas kai tsaye ga mai gida shi kuma ya riƙa biyansu wata-wata. Suna neman shaidar cewa kana da kuɗin shiga tsayayye, saboda haka in cinikinka na bi ta MoMo ko banki ka leƙa ka ga ko ka cika sharuɗɗa. Ko ka samu ko ba ka samu ba, watan da ka shiga ɗaki watan za ka buɗe sabon susu na hayar gaba, don ranar sabuntawa tana zuwa ne daidai lokacin da ake maganar awo ko suna.

Na san abin da ke turaka ba ejan ba ne kaɗai, kunyar surukai ce. Wannan ba kai za ka tare ta ba. Ka sami kawunka ko wanda zai karɓa maka aure ya je ya gaya wa waliyyin yarinya gaskiya, an samu wuri ana bincike, a ƙara mana sati biyu kafin a zo awo. Babu uban da zai ji ana duba ko ruwa na shiga ɗakin 'yarsa ya yi fushi, in ma mata sun yi ƙorafi na kwana biyu ne. In lokaci ya ƙure kuma, ai ba yau aka fara ɗaura aure a jinkirta tarewa ba, ko ku fara da ɗaki ɗaya mai bayi a ciki a Mamobi ko Kotobabi ko New Town na shekara guda, kujeru su jira a gidansu.

Ka kira ejan ɗin yau ka ce masa kana son gidan, shekara ɗaya za ka biya, kana son magana da mai gida ido da ido a waya, kuma Asabar za ka zo da kawunka da gwaggon yarinya. Kar ka ba shi wani "abin riƙe ɗaki" kafin nan. In ya ce ai mutumin Juma'a ya biya, ka ce Allah ya sanya alheri, ka ajiye lambarsa, ina kyautata zaton Litinin shi zai neme ka. Ka rubuto min in ji abin da mai koko ta ce game da watan Yuni.